Tafiyar awa biyu don benye uku

Shekara shida na yi a New Orleans ta jihar Louisiana ina aikin jinya, kuma tun da muka koma Columbus ta jihar Ohio, babu abin da nake kewa kamar benye da gahawar safe. Idan na tashi daga aikin dare ba gida nake wucewa ba, sai na biya ta titin Decatur, na zauna a rumfar Café du Monde mai ratsin kore da fari. Guda uku ake ajiye maka a ɗan ƙaramin faranti, garin sukari ya binne su har ba ka ganin launinsu. Wanda bai sani ba zai ce ai fanke ne. Ɗan'uwan fanke ne dai, amma shi murza kwaɓin ake yi a yanka mai kusurwa huɗu, yana faɗawa cikin mai ya kumbura kamar matashin kai, cikinsa ya zama fanko. Da zafinsa ake ci. Idan ya huce, an gama magana.

Shi ya sa da wata abokiyar aiki ta ce akwai wani shago can wajen Cincinnati da ke yin na ainihi, ban tsaya dogon bincike ba. Na duba hotunansu a Facebook, na ga gwangwanayen gahawar Café du Monde masu ruwan ɗorawa a jere a kan kanta, hankalina ya kwanta. Ranar Asabar bayan asuba muka hau hanya ni da uwargida da 'yarmu mai shekara biyar, wadda a New Orleans aka haife ta. Dusar ƙanƙara ce dama da hagu, tafiyar ta ci mana awa biyu. Ita kuwa yarinya tun daga gida tambaya ɗaya take yi: "Abba, zan hura sukari?" Abin da take tunawa da shi ke nan, ta hura garin ya tashi ya bule mini baƙar riga.

Shagon tsaf yake, ba ni da ta cewa a nan. Kafin na ba da oda na tambayi yaron da ke kanta da wane mai suke suya, domin abincin Louisiana ba ya rabo da alade, kuma wasu wuraren kasko ɗaya ne na komai. Ya ce man gurya ne, kuma kaskon benye daban yake. Na ji daɗi ƙwarai, domin da man guryar ake soya na asalin.

Abin da ya fara ba ni tsoro shi ne saurin da aka kawo. Ko minti biyu ba a yi ba, kuma ban ji ƙarar suya ba, ƙarar na'urar ɗumama abinci na ji. Da na ɗauki ɗaya sai na ji shi da nauyi a hannu. Sukarin ya narke ya zama wani danƙo mai ruwan toka a bayansa. Na raba shi biyu, ciki cunkus kamar burodin jiya, gefe ɗaya na ƙona yatsa, ɗaya gefen da sanyinsa. 'Yata ta cika baki da iska ta hura, ko ƙwaya ba ta tashi ba. Ta sake hurawa, sannan ta ɗago ta dube ni. Wallahi wannan kallon ya fi kuɗin da na biya ƙona mini rai.

Gahawar kuma ita ce ta ƙarasa ni. Ta New Orleans da cikori ake haɗa ta, saiwar wani tsiro ce da ake gasawa a niƙa. Mutanen garin sun riƙe ta sosai tun lokacin yaƙin basasar Amurka, da aka tare tashar jiragen ruwansu gahawa ta yi wuya, daga baya ta zama ɗanɗanon gari. Tana da wani ɗaci mai kauri da ke tare zaƙin benye, kuma rabi gahawa ake zubawa rabi tafasasshiyar madara. Uwargida 'yar Maraɗi ce, tun ranar farko da ta sha ta ce ai wannan Ricoré ce da ta girma, wato gahawar gwangwani mai cikori da ta sani a gida. Abin da aka ba mu a nan ruwa ne tsararo, an ɗiga masa madara mai sanyi. Na tambaya, yaron ya ce cikorin ya ƙare tun makon jiya. Gwangwanayen da na gani a hoto fa? Ado ne, babu komai a ciki.

Na tashi zan biya mu tafi, uwargida ta riƙe mini hannu ta ce, "Maigida, ka yi musu magana, ba don kanka ba." Na koma na faɗa wa yaron a hankali cewa daga Columbus muka zo, kuma wannan ba benye ba ne.

Sai ga wata dattijuwa ta fito daga ciki da gari a hannuwanta, ita ce mai wurin. Ta ɗauki ɗaya ta matsa da yatsa, ba ta yi musu ba, ta kwashe farantan. Ta ce na jiya ne da suka yi saura, bai kamata su fito ba. Ashe 'yar unguwar Gentilly ta New Orleans ce, ambaliyar Katrina ta 2005 ce ta raba ta da gidanta, ba ta sake komawa da zama ba. Da na faɗa mata unguwar da muka zauna, fuskarta ta canja. Ta ce mu ba ta minti goma mai ya kai digiri 370 a ma'aunin Fahrenheit, domin idan bai kai ba kwaɓin shan mai yake yi, ba ya tashi. Daga inda nake zaune ina hango ta tana watsa musu mai a ka da ludayi har suka kumbura.

Waɗannan kam benye ne, gaskiya ɗaya ce. Bayan ya yi ƙus-ƙus, ciki tururi na fita, ba nauyi ko kaɗan. 'Yata ta hura, garin ya tashi ya sauka a kan mayafin uwarta, ta kyalkyale da dariya har mutanen teburin kusa suka juyo. A wannan lokacin da an ce in ba su maki, da cikakke zan ba su, har na fara lissafin ranar dawowa.

Amma a hanyar komawa abin ya yi ta dawo mini. Matar nan ta iya, ta san yadda ake yi, kwaɓin yana nan a shirye, duk da haka na jiya aka fara miƙo mana. Da na yi shiru kamar yadda na so yi da farko, da shi ke nan, haka za mu tafi. Mutum nawa ne suka ci wannan cunkusasshen abu suka tafi da zaton haka benyen New Orleans yake? Gahawar ma ba a sake mana ita ba, haƙuri kawai aka ba mu. Sai da muka tsaya shan mai na duba rasit, na ga an caje mu faranti shida, har da ukun da aka kwashe. Ina kyautata zaton kuskuren yaron ne, ba na jin da saninta.

Wanda zai je, ya ce a soya a gabansa, kuma ya kira tukuna ya tambaya ko cikori ya iso. Ni na kira ranar Litinin kan maganar rasit, yaron ya ce za ta neme ni. Yau kwana tara ke nan.