Bakaniken da ya gane ciwon motata Charger daga fulogi

Jama'a wanga bakanike na hanyar Gusau ya burge ni wallahi. Dodge Charger ta ce mai injin 5.7 HEMI (babban inji mai silinda takwas), sati uku tana shan mai kamar rakumi, in na taka wuta sai ta yi ta tari ga baƙin hayaƙi ta salansa, wani gareji sunka ce sai an sauke inji gaba ɗaya, ni ko gabana ya faɗi.

Shi dattijon ko kwamfuta bai jona ba tukuna, fulogi ya kwance. Ashe goma sha shida ne, kowace silinda biyu, ya jera su kan kwali bi da bi. Yac ce dubi nan Alhaji, mai ruwan ƙasa-ƙasa lafiya lau yake, wanda yai baƙi da toka busasshe mai ne yai yawa, fari fat kuma mai ya gaza, zafi ya kama shi. Da jiƙe yake da baƙin mai, to ringi ne. Nawa na gefe guda na injin duk baƙi, sai ga sensan oksijin, wato na'urar da ke auna hayaƙin salansa don a daidaita mai, ya mutu.

Aibinshi ɗaya jira, tun hantsi sai bayan la'asar na samu motata, ga ranar Sakkwato ba rumfar kirki.