Bitar aikin wani makaniken babur a Zariya

Tsohon babur ɗina ƙirar Honda CG 125 ya shafe wata huɗu a ajiye, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da na yi tafiya, kuma da na dawo ya ƙi tashi ko da na yi ta buga kiki har gumi ya jiƙa ni. Na tura shi zuwa wata rumfar gyara da ke kusa da gidanmu.

Abin da ya burge ni shi ne makaniken bai yi gaggawar kwance injin ba. Ya fara auna batir, ya nuna mini cewa ƙarfinsa ya faɗi ƙasa da volt 12, alhali lafiyayyen batir yakan kai wajen 12.6. Sannan ya ciro fulogi ya ga wuta na fita, wanda ya tabbatar masa cewa matsalar tana ɓangaren mai. Da ya buɗe kafireta sai ga fetur ɗin da ya daɗe a ciki ya zama ɗanko ya toshe ƙananan ramukan da mai ke bi, ga kuma ƙurar hunturu ta cika matatar iska. Ya wanke su, ya zubar da tsohon man tanki, ya zuba sabo, babur ya tashi a bugu na uku.

Aibinsa ɗaya, bai faɗi kuɗin aiki ba sai da ya gama, don haka na ba wa mai zuwa shawarar su yi ciniki tun farko.