Aikin ya yi kyau, amma debin da aka ba mu rabin magana ne

Wata biyar ke nan da dawowata Maradi daga Tunis, sai yau na iya zama in rubuta, don duk sanda na tuno lissafin nan sai raina ya ɓaci.

Da aka tabbatar mini a Yamai cewa ƙullutun da ke mamana na hagu daji ne, babban tsorona kar a cire maman duka. Likita ya ce tunda ƙarami ne, ana iya yanke shi da ɗan naman da ke kewaye a bar sauran. Wani mai haɗa marasa lafiya da asibitocin Tunis ya turo mana debi, wato takardar ƙiyasin kuɗi, ta WhatsApp: yuro 4,000, wajen miliyan 2 da jika 600 ke nan. Maigida ya sayar da filinmu na unguwar Zariya, ƙanena ya rufe shagonsa ya raka ni.

Aiki kam ba ni da ta cewa. Ina farfaɗowa na kai hannu ƙirji, na ji bandeji, na ji mamana yana nan ƙarƙashinsa. Kuka na yi ta yi har wata nas ta zaci ciwo ne. Tabon bai kai tsawon ɗan yatsa ba, sai wani ƙarami a hammata inda suka ciri kaluluwa don bincike.

Ranar da sakamako ya fito, likita ya ce an kwashe shi tas, saura gashi: a jira wurin ya warke kamar wata guda, sannan zama 20, Litinin zuwa Juma'a. Na ce wane gashi kuma? Ashe haska wurin ne da na'ura don ƙone ragowar ƙwayoyin ciwon, kuma wadda aka bar wa mama kusan dole ne ta yi shi, don kar ciwon ya sake tsirowa a wurin. Kuma ko layi ɗaya babu a debin! Ƙanena ya kira mini mai haɗa tafiyar, wai sai ce mini ya yi: "Hajiya, ai kuɗin aiki kika tambaya." Haba malam! Da ya faɗa tun farko, ai tun 2021 ana gashi a cibiyar daji ta Yamai, da na nemi layi kafin in tashi. A Tunis kuwa tsoro ya hana ni motsi, na ce a ƙarasa kawai.

Sati biyu muka shirya, muka share wata biyu da ɗoriya. Hayar ɗaki, taksi kullum, tarar canza tikitin jirgi, ga kuɗin gashin kansa. Sarƙar zinariyar aurena ma sai da yayata ta kai kasuwa ta turo kuɗin.

Likitan nan ko gobe zan tura masa 'yar'uwata. Mai haɗa tafiyar kuwa, ya turo mini barka da salla, har yau ban buɗe ba.