Antibairos da ba zai nauyaya maka kwamfuta ba: me za ka duba kafin ka zaɓa

Ƙanwata ta kawo mini laftof ɗinta ranta a ɓace. "Yaya, wannan abar ta ishe ni. In na kunna ta sai in tashi in yi wani aikin in dawo, ba ta gama farkawa ba." Na kunna, fankar ciki ta ɗauki gurnani tun ba a buɗe komai ba. Na danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager, allon da ke nuna abin da ke cin ƙarfin kwamfuta, ya fito da ƙyar, sai ga layin faifan ajiya a kashi 100 cikin 100, ya kafe ya ƙi saukowa. Da na duba, antibairos, wato manhajar kare kwamfuta daga miyagun manhajoji, har biyu ne a ciki. Ɗaya na gwaji ne da ya zo da kwamfutar, wa'adinsa ya ƙare tuntuni amma yana nan daram yana turo sanarwar a biya kuɗi. Ɗayan na kyauta ne da wata ƙawarta ta ɗora mata, ya kuma zo da 'yan rakiyarsa: mai share shara, mai ƙara gudu, da wani ɗan abu da ya maƙale a birawuza. Na cire su kaf na sake kunnawa. Kwamfutar ba ta zama sabuwa ba, amma ta daina nishi.

Na kawo wannan ne saboda yawancin masu tambayar "wane antibairos ne mara nauyi" suna neman suna guda ne a ba su. Sunan yana da amfani, za mu zo kansa. Sai dai nauyin da kake ji rabinsa daga manhajar yake, rabinsa daga kwamfutarka da abin da aka jibga mata.

Aikin antibairos shi ne tsayawa a bakin ƙofa. Duk fayil ɗin da za a buɗe, ko a kwafa, ko a sauko da shi daga intanet, sai ya tsayar da shi ya laluba kafin ya ce a wuce. Don ya iya haka, yana dasa wani ɓangarensa can cikin zuciyar Windows, inda manhajoji na yau da kullum ba sa kaiwa. Wanda yake son sanin zurfin wurin ya tuna ranar 19 ga Yulin 2024, da wani sabuntawa mai kuskure na kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, aiki ya tsaya a bankuna da asibitoci. Manhajar kamfanoni ce wannan, ba ta gida ba, amma a wuri ɗaya suke zama. Shi ya sa masu gadi biyu a ƙofa ɗaya masifa ne: wannan ya taɓa fayil don ya duba, wancan ya ga an taɓa fayil shi ma ya tashi dubawa, har wani lokaci su riƙa zargin juna.

Tsayawar da ake yi wa fayil ɗaya ba ta kai ƙiftawar ido ba. Matsalar tana bayyana ne idan fayilolin sun yi yawa, kamar lokacin ɗora sabuwar manhaja, ko kwafar folda mai ƙananan fayiloli dubbai, ko warware fayil ɗin da aka dunƙule. A nan ne irin faifan ajiyarka yake yanke hukunci. Tsohon faifai mai juyawa yana da allura da sai ta yi tafiya zuwa inda fayil yake, to idan antibairos yana sikanin a gefe, kai ma kana neman buɗe wani abu, allurar nan ɗaya ce take kai-komo tsakaninku. SSD, sabon nau'in faifan ajiya, ba shi da abin da yake motsi a cikinsa, don haka sikanin ɗin da zai tsayar da kwamfuta mai tsohon faifai cak, mai SSD ba lallai ya ma lura ana yi ba. Haka RAM, ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai. Windows 11 na neman gigabait 4 a matsayin mafi ƙaranci, kuma mai 4 ɗin nan kusan ya cika tun kafin ya buɗe birawuza. A ganina, wanda kwamfutarsa ke kan faifai mai juyawa, kuɗin da zai kashe a antibairos gara ya sa su a SSD tukuna. Babu manhajar da za ta yi masa abin da wannan canjin zai yi.

Zaɓi na farko yana cikin kwamfutarka tuni. Microsoft Defender yana zuwa a cikin Windows 10 da 11, kuma tun Windows 8 a 2012 ya zama cikakken antibairos. A shekarunsa na farko an raina shi, kuma da dalili, don yana zuwa ƙasa a gwaje-gwaje. Yanzu labari ya canja, yana kama miyagun manhajoji kafaɗa da kafaɗa da na kuɗi. Ba ya tallata maka komai, ba ya ce maka wa'adi ya ƙare, sabuntawarsa kuma tana tafiya tare da ta Windows. Amma ba zan ce maka shi ne mafi sauƙin nauyi ba. An sha ganin yana jan ƙafa wajen kwafar fayiloli masu yawa da ɗora manhajoji, kuma duk mai leƙa Task Manager ya san sunan nan Antimalware Service Executable, wanda kan haye saman jerin yana cin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, idan sikanin Defender ya tashi. Mai shiga intanet, ya yi rubutu, ya kalli bidiyo, da wuya wannan ya dame shi. Mai rubuta manhaja ko mai aiki da dubban hotuna kullum, shi zai ji a jikinsa.

Idan Defender ya yi maka nauyi kuma kana shirye ka biya, sunan da na fi saurin ambata shi ne ESET, kamfanin Bratislava ta ƙasar Sulobakiya. Shekara da shekaru an san antibairos ɗinsu mai suna NOD32 da rashin nauyi, kuma ba ya cika surutu. Ba su da na kyauta, sai gwaji na kwana 30. Saitinsa yana da zurfi, wanda ya san abin da yake yi zai ji daɗinsa, wanda bai sani ba ya bar shi yadda ya zo. Bitdefender na ƙasar Romaniya shi kuma ƙarfinsa wajen kamu ne, har wasu kamfanonin antibairos ma injinsa suke haya su sa a nasu. Sikanin ɗinsa na farko yakan ɗauki lokaci, daga baya sai ya riƙa tsallake fayilolin da ya riga ya sani. Yana da na kyauta mara tarkace da yawa. A kwamfuta mai RAM gigabait 8 zuwa sama zan ɗora shi hankalina kwance, a mai 4 kuwa zan fara gwada ESET.

Norton da McAfee suna ɗauke da tsohon tabo. Wanda ya yi amfani da kwamfuta a tsakiyar shekarun 2000 ya san yadda suke danne ta. Norton ya sake gina manhajarsa a fitowar 2009 musamman saboda wannan kuka, McAfee ma a gwaje-gwajen 'yan shekarun nan yana fitowa cikin marasa nauyi. Abin da ya rage shi ne kayan da suke haɗowa: VPN mai ɓoye zirga-zirgarka a intanet, ma'ajiyar kalmomin sirri, ajiyar fayiloli a intanet, sa ido kan yara. Mai iyali da na'urori biyar ko shida da zai yi amfani da waɗannan, cinikin na iya yi masa kyau. Wanda ba ya buƙata, kowane ɗaya ƙarin abu ne da yake tashi tare da kwamfutar. Har akwai lokacin da Norton 360 ya zo da manhajar haƙar kuɗin intanet na Ethereum a 2021, sai mai shi ya kunna take aiki, amma mutane da yawa ba su ji daɗin ganinta a cikin manhajar tsaro ba. An daina ta a 2022.

Na kyauta irin su Avast da AVG da Avira, injinsu ba shi da laifi, kuma ba su da nauyi sosai a gwaji. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne gida ɗaya suke yanzu. Avast ya sayi AVG a 2016, kamfanin Norton ya sayi Avira, sannan ya haɗe da Avast a 2022 suka zama Gen Digital. Wanda ya gudu daga AVG ya koma Avast, an sayar da kare ne an sayi biri. Nauyinsu na gaskiya a kan hankalinka yake: sanarwa ta fito ta ce an gano matsaloli a kwamfutarka, ka danna gyara, ta kai ka shafin biya. Sannan akwai batun sirri. A 2020 aka bankaɗo cewa wani reshen Avast mai suna Jumpshot yana sayar da bayanan shafukan da mutane ke ziyarta, aka rufe reshen, kuma a 2024 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta ci kamfanin tarar dala miliyan 16.5. Tun da Defender yana nan kyauta ba talla, ni ban ga abin da zai sa in ɗora ɗayansu ba.

Kaspersky na Rasha yana da kyau wajen kamu da rashin nauyi, wannan ba a musu. Sai dai Amurka ta haramta sayar da shi a 2024, sabuntawa ma ta tsaya wa masu shi a can daga ƙarshen Satumbar shekarar. Wanda yake aiki da wata hukuma ko kamfani ya tambayi ƙa'idarsu kafin ya ɗora. Malwarebytes na kyauta kuma wani abu ne daban: ba ya gadin ƙofa, sai ka kira shi yake sikanin, don haka yana zama lafiya tare da Defender. Yana da amfani ranar da ka ga birawuza na buɗe shafukan da ba ka nema ba.

Kada ka dogara da tallar kamfani, kowa cewa yake nasa ne mafi sauƙi. Akwai cibiyoyi masu zaman kansu da aikinsu ke nan. AV-TEST da ke Magdeburg a Jamus tana ba da maki 6 a kariya, 6 a gudu, 6 a sauƙin amfani, jimla 18, tana fitar da sakamako duk wata biyu. Matsalar ita ce manyan kusan duk suna samun 5.5 ko 6, sai ka rasa bambanci. Gwajin gudu na AV-Comparatives da ke Innsbruck a Ostiriya ya fi amfani ga mai wannan tambayar, domin yana rarrabe ayyukan: kwafar fayil, ɗora manhaja, buɗe manhaja, saukowa da fayil, buɗe shafin intanet. Ka dubi layin aikin da ka fi yi. Ka kuma duba sakamako biyu ko uku a jere, saboda wanda ya zo na ɗaya a wannan zagaye yana iya zama na bakwai a na gaba. Kada kuma rashin nauyi ya ɗauke maka hankali daga makin kariya. Mai gadin da ba ya laluben kowa ai dole layinsa ya yi sauri.

Duk da haka, gani ya kori ji. Kwamfutocin cibiyoyin nan ba taka ba ce. Kafin ka ɗora na gwaji, ɗauki agogon wayarka ka auna abu uku: daga kunnawa zuwa lokacin da birawuza ta buɗe sosai, kwafar wata babbar folda zuwa filashi, da buɗe manhajar da ka fi aiki da ita. Rubuta sakamakon. Ɗora antibairos ɗin, ka bar shi ya gama cikakken sikanin na farko, ka ba shi kwana biyu ko uku ya zauna, sannan ka sake aunawa da folda ɗaya da filashi ɗaya. Ranar farko ba a yanke hukunci, don a ranar kowanne yake fi nauyi. In laftof ce, ka lura da batir da kukan fanka ma.

Idan ka zaɓa, saura gyaran zama. Cikakken sikanin ba abin yi kullum ba ne, tunda gadin ƙofa yana aiki ba dare ba rana. Sa shi a lokacin da ba ka kan kwamfutar. Wajen ɗorawa ka ƙi karɓar duk ƙarin da ba ka nema ba, musamman masu alkawarin ƙara gudu da masu maƙalewa a birawuza. Akwai damar ware wata folda a ce kada a duba ta, tana taimakon mai aikin bidiyo ko rubuta manhaja, amma kada ka taɓa ware foldar da abubuwan da ka sauko da su daga intanet ke faɗawa. Wajen cire tsohon antibairos kuma, cirewa ta yau da kullum takan bar saura, shi ya sa kamfanoni irin su McAfee da Norton da Avast suke da 'yar manhajar sharewa ta musamman a shafinsu. Da ka cire, Defender zai dawo bakin aiki da kansa, kamar yadda yake ja da baya da kansa idan ka ɗora wani.

Wajen biya, farashin da aka rubuta da manyan haruffa yawanci na shekarar farko ne. Na sabuntawa yakan fi shi sosai, kuma galibi ana kunna cire kuɗi kai-tsaye daga katinka tun ranar saye. Nemi farashin shekara ta biyu kafin ka danna, ka duba na'urori nawa lasisin ya ɗauka, sannan ka shiga asusunka ka kashe sabuntawar kai-tsaye in ba ka so. Ita ƙanwata ba ta sayi komai ba. Na bar mata Defender, bayan wata biyu aka canja mata faifan zuwa SSD, yanzu kafin ta gyara zama kwamfutar ta buɗe.