Ajiyar wake: buhun PICS ko ƙwayar magani?

Duk kaka, manoma da 'yan kasuwar Tahoua kan tambaya: wanne ya fi tsare wake daga ƙwari, buhun PICS mai leda biyu a ciki ko ƙwayar maganin ƙwari da ake kira fostoksin?

A kuɗi, ƙwaya ta fi araha a ranar saye. Amma buhun PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙera, aka gwada shi tare da INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a Maraɗi, yana iya yin kaka fiye da ɗaya muddin ledarsa ba ta huje ba.

Aikin buhun shi ne toshe iska. A shanya wake ya bushe ƙayau, a cire ƙaiƙayi da tsakuwa, a matse iskar ledar ciki a ɗaure, sannan ta biyu, sannan buhun waje, kowanne da ɗaurinsa daban. Ƙwarin sai su shaƙe. Inda ake faɗuwa: wake mai laima, yawan buɗewa don ɗiba, da ɓera. A ɗora shi kan katako, nesa da bango.

Ita ƙwaya hayaƙin guba take saki. Tana kisa da sauri, amma in an buɗe, kariya ta ƙare. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne masu ajiye ta a ɗakin da yara ke kwana. Hayaƙin nan yana kashe mutum.

Magidanci mai ajiyar abinci ko iri, buhu ya fi masa. Mai babban sito da ke rufuwa ruf, wanda ke da ƙwararren mai turarawa, ƙwaya za ta yi masa aiki.