Meta Quest 2 ga tsofaffi masu tangaɗi

Na'urar, wadda ake sawa a kai ta rufe ido ta nuna wa mutum wata duniya ta kwamfuta, tana da amfani ga dattijon da ƙafa ta fara yi masa gardama, amma dole wani ya tsaya a gefensa, don ba ya ganin ɗakin. Wasa irin Beat Saber, inda ake saran akwatunan da ke tahowa ana bin kiɗa, yana sa shi ya miƙa hannu, ya kauce, ya sauya nauyi tsakanin ƙafafunsa. Abin da ake nema ke nan.

A fara a zaune, minti 10, a share fili mita 2 tsawo, mita 2 faɗi, a ɗauke tabarma da buta. Jiri yana tasowa idan ido ya ga tafiya alhali jiki bai motsa ba; in ya taso, nan take a cire na'urar.

Nauyin na'urar rabin kilo ne, wuya kan gaji, balle a zafin Zariya na Afrilu. Mai farfaɗiya ya fara tuntuɓar likita a asibitin koyarwa na ABU da ke Shika.