Tafkin Rayfield: wurin hutawa da ya cancanci ziyara

Tafkin da ke wurin shaƙatawa na Rayfield a Jos tsohon ramin haƙar kuza ne wanda ruwa ya cike bayan masu haƙar sun tashi, shi ya sa zurfinsa ya fi abin da ido yake gani daga gaɓa. Abin da ya fi burge ni shi ne yawon kwalekwale da yamma, lokacin da balbelu ke komawa makwancinsu, iskar Filato mai sanyi kuma tana kaɗa dogayen itatuwan turare. Wanda tsuntsaye suka kawo shi ya zo a ranakun aiki, domin ƙarshen mako akwai jama'a da kiɗa. Masu zuwa da yara lallai su nemi rigar kariya kafin shiga jirgi.